Shawarwarin Masu Horarwa Kan Tarbiyyar 'Yan Ƙwallo

A wata tattaunawa da masu horar da ƙananan ƙungiyoyin ƙwallo suka yi a Kaduna, an fi tsayawa kan yadda ɗan wasa ke zubar da mutuncinsa bayan ya samu suna da kuɗi. An kawo misalin Ronaldinho, wanda aka tsare a Paraguay a 2020 kan fasfo na bogi, da Luis Suarez da FIFA ta dakatar na wata huɗu saboda cizon ɗan wasan Italiya Chiellini a gasar kofin duniya ta 2014.

Shawarar da ta fi ƙarfi ita ce a fara gyara tun daga filayen unguwa, irin na Tudun Wada da Rigasa, inda yaro ke zagin alƙalin wasa, koci kuma ya kau da kai don yaron na ci masa ƙwallo. Sun ce a zaunar da shi a benci ko da wasan ƙarshe ne, kuma a ganina nan gizo ke saƙa. Dattawan cikinsu sun ƙara da cewa ɗan wasa mai shirin fita ƙasar waje ya nuna wa lauya takardunsa kafin ya amince da dillali, iyaye kuma su san abokan yawonsa na dare.