Taƙaitawa: gano wanda ya zana tsohon hoton addini na Turai

An tattauna yadda za a gano wanda ya zana tsohon hoton addini na Turai. Ga abin da aka faɗa, a dunƙule.

1. Baki ya zo ɗaya cewa a fara da duba bayan allon da aka yi zanen a kai. Hatimin kakin zuma, lambar gwanjo da takardun da aka manna su ke nuna hannayen da zanen ya bi. Kada a ɓanɓare su, kada kuma a wanke zanen kafin gwani ya gani.

2. Katako: Italiyawa sun fi amfani da itacen fofla, mutanen Holan da itacen ok. Ƙirga zobban itacen ok, waɗanda itace ke ƙarawa ɗaya duk shekara, yana nuna shekarar da ba za a ce an yi zanen kafinta ba. Sunan mai zane kam ba ya bayarwa.

3. Fenti: shuɗin Furusiya bai fito ba sai farkon shekarun 1700, farin titaniyam sai ƙarni na 20. Idan aka same su a zane, ba a yi shi kafin lokacinsu ba ke nan. Amma a tabbata ba daga inda aka yi faci aka ɗebo samfurin ba, nan ake yawan yanke hukuncin zalunci.

4. Hoton eksire da hasken infirared suna tono canjin shawarar mai zane a ƙarƙashin fenti. Mai kwaikwayo ba ya cika canza shawara. A Salvator Mundi, wani zanen Yesu Almasihu, an ga an sauya wurin babban yatsa.

5. Sa hannu shi ne hujja mafi rauni, don ana ƙara shi daga baya.

Inda aka rabu: wasu sun ce idon ƙwararre ne alƙali, wasu sun ce sai takardun tarihin zanen. Salvator Mundi ɗin nan an sayar da shi dala miliyan 450 a 2017 da sunan Leonardo da Vinci, shahararren mai zanen Italiya, amma har yau wasu masana na ganin almajiransa sun taka rawa sosai a aikin.