Neman kalma: me za mu kira "dower" da Hausa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum malamaina. Wata kalma ta tsaya mini a wuya, shi ne na kawo ta gabanku. Ina fassara wani bayani ne kan yadda Amurkawa ke bin salsalar kakanninsu manoma ta cikin takardun wasiyya da na rabon gado, sai na ci karo da "dower". A dokar Ingila, wadda Turawan da suka zauna Bajiniya (Virginia) a Amurka suka taho da ita, idan magidanci ya rasu matarsa tana da kashi ɗaya cikin uku na gonakinsa da gidajensa. Amma ci kawai za ta yi. Ta noma, ta ba da haya, ta zauna a ciki muddin ranta. Ranar da ta cika, ƙasar ta koma hannun magadan mijin.

Ba kalmar da zan tsallake ba ce, don a kanta aikin ya ginu. Ƙidayar Amurka daga 1790 zuwa 1840 sunan maigida kaɗai take rubutawa, sauran mutanen gida sai dai adadi. Sai a 1850 aka fara jera sunayen iyali. To ina mai bincike zai samo sunan kakarsa? Sau da yawa a takardar cinikin gona. Haƙƙin matar ya rataya a kan gonar tun mijin na da rai, saboda haka in zai sayar, sai a keɓe ta, ba a gabansa ba, a tambaye ta ko da yardarta ta saki haƙƙinta, magatakardan kotu ya rubuta da sunanta. Na fara sa "sadaki", hannuna ya ƙi.

Wata malamar makaranta:
Wa alaikumus salam ƙanena. Gara da hannun ya ƙi. Sadaki na shiga ne, wannan kuwa sai an yi rashi. Kada kuma wani ya kawo mana gara ko kayan ɗaki, waɗannan su ne suka fi kusa da "dowry", abin da amarya ke zuwa da shi daga gidansu. Ni abin da ya faɗo mini shi ne gayauna. A gandu maigida kan yanka wa mace ko ɗa wani yanki ya noma wa kansa, amfanin nasa ne, ƙasar ta gida ce. Me zai hana mu ce gayaunar bazawara?

Malam:
Hajiya, kin kama rabin maganar, wato ci ba mallaka ba. Sai dai gayauna kyautatawar maigida ce, shi ya ga dama ya yanka. Wannan kuwa haƙƙi ne da doka ta ɗora, ko mijin ya bar mata wani abu a wasiyya tana iya ƙin karɓa ta ce sulusinta take so. Sannan "bazawara" ta haɗa har da sakakkiya.

Ruɗanin sadaki ma ba laifinka ba ne, ɗana. Masu mayar da littattafan fikihu zuwa Turanci sun daɗe suna kiran sadaki da wannan kalma, shi ya sa take mana kama da shi.

A fikihunmu akwai abin da ya yi daidai da ita ta fuskar hukunci. A Risala an kawo cewa wanda ya ba wani gida ya zauna tsawon rayuwarsa, in mazaunin ya rasu gidan ya koma wa mai shi. Sunan wannan kyauta da Larabci umra. Amma ka rubuta wa Bahaushe "umrar matar mamaci", zai tambaye ka da wane jirgi ta tashi.

Ni dai ga tawa. Kowa ya san tumunin takaba, ɗaya cikin takwas ɗin da mata ke samu in mijin ya bar 'ya'ya, in bai bari ba ya zama rubu'i. Tunda kunne ya saba da wannan gini, mu ce sulusin takaba.

Mai tambaya:
Allah ya gafarta Malam, ta yi daɗin faɗa. Amma ina da tsoro biyu. Da an ce sulusi, hankalin mai karatu zai tafi ga wasiyya, tunda ita ce ba ta wuce sulusi. Na biyu ya fi damuna: tumunin takaba mallakar mace ne, ta sayar, ta kyautar, 'ya'yanta su gada. Kar mai karatu ya ɗauka wannan ma haka yake.

Ga abin da ya sa bambancin ba na wasa ba ne. Daniel Parke Custis, wani babban manomin taba a Bajiniya, ya rasu a 1757 bai bar wasiyya ba. Matarsa Martha ta sami wannan kaso, kuma a Bajiniya ta lokacin har bayi ana sawa a ciki. A 1759 ta auri George Washington, ta tare da su. A lissafin da aka yi a gandunsa na Mount Vernon a 1799 akwai bayi 317: 123 nasa ne, 153 na gidan Custis, sauran na haya. Da ya rubuta wasiyyar 'yanta bayi, nasa kaɗai ta shafa. Waɗancan 153, shi da Martha babu mai ikon 'yanta su, domin na magadan Custis ne, aikinsu kawai ake mora. Ga shi kuwa an yi auratayya tsakanin ɓangarorin biyu shekara da shekaru, ɗa kuma matsayin uwarsa yake bi. A farkon 1801, bayan rasuwar Washington, Martha ta 'yanta nasa. Da ta rasu a 1802 aka raba na Custis tsakanin jikokinta huɗu. Miji ya sami 'yanci, mata da 'ya'ya bayi, kuma an watsa su gida huɗu. Jikokin waɗannan mutane, in suna neman asalinsu, ba a takardun Washington za su tsaya ba, sai sun bi na gidan Custis. Fassarar da ta nuna kamar Martha ta mallake su ta ɓatar da mai bin sawu ke nan.

Wata malamar makaranta:
To a sa "sulusin aro" mana. Kowa ya san kayan aro ana mayarwa.

Malam:
Aro mai shi na iya cewa a kawo masa kayansa gobe, Hajiya. Wannan babu mai karɓewa sai mutuwa. Kuma "sulusin aro" bai faɗi na wa ba ne.

Tsoronka na farko, "takaba" ta riga ta kashe shi, ba wanda zai ji ta ya tuna wasiyya. In wani ya ce ai Turawa ba sa takabar wata huɗu da kwana goma, a ce masa tumunin ma ba ya ƙarewa ranar fita takaba. Aikin kalmar a nan nuna mai haƙƙin ne. Na biyun gaskiyarka ne, amma kalma ɗaya ba ta ɗaukar hukunci sukutum. A wurin da ta fara fitowa ka bi ta da jimla guda: na ci ne muddin rai, ba na mallaka ba. Daga nan ka sake ta ta yi tafiyarta. Bambancin adadi ma zai taimake ka, duk wanda ya saba jin tumuni, da ya ga sulusi zai san ba rabonmu ake magana ba.

Mai tambaya:
Na karɓa, Malam. Hajiya, na gode, gayauna kuma na ajiye ta, akwai 'yan filayen da ake bar wa bayi su noma wa kansu, can za ta zauna daram. Ga yadda na sa a fassarar: "An keɓe matar aka tambaye ta, ta ce da yardarta ta sallama sulusin takabarta a wannan gona." Mutanen nan 153 kuma na kira su bayin sulusin takaba.

Malam:
"Sallama" ta fi "yafe", tunda ba laifi aka yi mata ba. Bar shi haka.