Saitin kwantrolar sola ga batura masu ruwa a lokacin zafi

Mazaunin Sakkwato ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana game da saitin kwantrolar caji, wato na'urar da ke daidaita wutar da faifan sola ke tura wa batura. Ina da batura biyu masu ruwa, irin dogayen nan da ake kira tubula, kowanne bolt 12 da amfiya-awa 220, an jera su sun zama bolt 24. Faifan solar da ke kan rufi sun kai wat 1,600, kwantrolar kuma irin wadda ake kira MPPT ce, mai amfiya 60. Wanda ya haɗa mini kayan ya bar saitin yadda ya zo daga kamfani, wato bolt 29.2 a matakin cikawa da 27.6 a matakin fulot, inda ake riƙe batir a cike bayan ya gama caji. A lokacin hunturu ban ga matsala ba, amma tun shigowar Afrilu ruwan baturan yake ƙafewa cikin mako uku, kuma da rana jikinsu yakan yi zafi har ina jin ƙarar tafasa a ciki. Shin in rage lambobin ne, kuma zuwa nawa?

Mai haɗa sola a Kano ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Lambobin da ka ambata ba kuskure ba ne a karan kansu, sai dai an tsara su ne a kan cewa zafin batir digiri 25 ne, alhali ɗakin da babu iska a Sakkwato yakan wuce 40 a wannan wata. Idan batirin dalma ya yi zafi, ƙarfin cajin da yake buƙata yakan ragu, saboda haka bolt ɗin da ya dace da shi a watan Janairu ya yi masa yawa a Afrilu, kuma rarar ce take raba ruwan zuwa iska, abin da kake ji kamar tafasa. Ƙa'idar ita ce a rage milibolt 3 zuwa 5 (milibolt dubu ne bolt ɗaya) a kowane gida, wato kowane ɗaya daga cikin ɓangarori shida da ke cikin batir mai bolt 12, ga kowane digiri ɗaya da ya haura 25. Baturanka gida goma sha biyu ne, don haka a digiri 40, idan aka yi lissafi da milibolt 3, ragin ya kai bolt 0.54, wato 29.2 ta koma kusan 28.7.

Ban ba ka shawarar ka riƙa canza lambobin da hannu duk kaka ba. Yawancin kwantrololi suna da ramin da ake sa wayar auna zafi, kuma sau da yawa ana barin wayar a cikin kwali saboda gaggawar kammala aiki. Ka nemo ta, ka manna kanta a gefen ɗaya daga cikin baturan, a tsakiyar tsayinsa, na'urar za ta riƙa yin ragin da kanta.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Jera batura biyu yana ninka bolt ne kawai, amfiya-awa tana nan a 220. Batir mai ruwa yana son cajin da bai wuce kashi 10 zuwa 13 cikin ɗari na girmansa ba, wato amfiya 22 zuwa 29, amma faifanka za su iya tura fiye da 50 da tsakar rana idan babu kayan wuta a kunne. Idan kwantrolarka tana da wurin taƙaita amfiya, ka sa ta a 30.

Tsohon ma'aikacin ɗakin batura ya amsa:

Na yarda da maganar wayar auna zafi, amma ina jan hankalin mai tambaya kada tsoron ƙafewar ruwa ya sa ya sauke lambobin fiye da kima. Batirin da ake cika shi sosai yana shan ruwa, kuma ruwan batir da aka tace yana da araha. Wanda ba ya cika kuwa, farin gishirin dalma ne yake daskarewa a kan farantansa, kuma idan ya yi tauri babu saitin da zai narkar da shi. Na ga batura da yawa da suka mutu da ruwansu cike. Kamfanin Trojan, alal misali, yana ba da bolt 14.8 na cikawa da 13.5 na fulot ga batirinsa mai ruwa na bolt 12, wanda ya nuna cewa lambobin sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma takardar da ta zo da batirinka ita ce ta fi kowannenmu iko.

Ka kuma duba cajin daidaitawa, wanda ake ɗaga bolt da gangan domin asid ya gauraya kuma gidajen su yi daidai da juna. Batir mai ruwa yana buƙatarsa kamar sau ɗaya a wata, ƙofa a buɗe, saboda iskar da ke fita haidurojin ce kuma tana kama wuta. Masu batirin jel, wato wanda yake a rufe ba a zuba masa ruwa, kada su kunna shi ko kaɗan, domin babu yadda za a mayar da ruwan da ya fita. Abin auna kaurin asid, mai kama da sirinji, shi ne zai gaya maka ko batirin ya cika, ba lambar da ke kan allo ba.

Mai gyaran inbata ya ƙara:

Abu ɗaya ya rage. Lambar yanke wuta da ke kan kwantrola, wato bolt ɗin da za ta katse wuta idan batir ya yi ƙasa, tana aiki ne kawai a kan kayan da aka jona a bakinta, ba ta taɓa inbata. A inbata za ka saita ta, kuma tun da batir da ya huta a bolt 24.2 ya riga ya kai kusan rabi, ka sa ta yanke a wajen 23 zuwa 23.5 yayin da kaya ke ja.

Mazaunin Sakkwato ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sami wayar auna zafin a cikin kwalin, na manna ta, ta nuna digiri 41 da ƙarfe biyu na rana, cajin kuma ya tsaya a 28.6. Na taƙaita amfiya zuwa 30, inbata kuma na ɗaga ta daga 21 zuwa 23.2. Gobe zan sayo abin auna asid in kawo muku lambar kowane gida.