Su wa suka fara kiɗan zamani da na'urorin lantarki zalla?

Ɗan Situdiyo: Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan ina ɗora wa mawaƙa kiɗan fiyano a Kano, kuma duk gangar da ake ji a aikina daga cikin na'ura take fitowa, ban taɓa ɗaukar makaɗi ko ɗaya ba. Kwanan baya wani dattijo ya ce mini an yi irin wannan kiɗa tun kafin a san kwamfuta a situdiyo. Ina roƙon masana su bayyana mini waɗanda suka fara shi, da kuma yadda suka yi ba tare da kayan da muke da su yau ba.

Tsohon Injiniya: Wa alaikumus salam, ɗana. Dattijon nan gaskiya ya faɗa maka, domin kayan aikin na farko reza ce da zaren ɗaukar sauti, irin na cikin kaset. A 1957, a ɗakin binciken kamfanin Philips da ke Eindhoven ta ƙasar Holan, Dick Raaijmakers ya haɗa "Song of the Second Moon", wanda da yawa ke ɗauka a matsayin kiɗan nishaɗi na farko da aka yi da lantarki zalla. Amma wadda aikinta ya fi taɓa ni ita ce Delia Derbyshire ta sashen gwajin sauti na BBC, wadda ta haɗa kiɗan taken shirin talabijin na Doctor Who a 1963. Takan ɗauki amo guda, ta ƙara gudun zaren ko ta rage shi har ta sami kowace murya da take so, domin idan aka ninka gudu sau biyu, amon yakan haura zuwa takwararsa ta sama, wato murya iri ɗaya amma mafi siranta. Daga nan sai ta auna tsawon kowace murya, ta yanka, ta manna, guntu bayan guntu. Ni ma na yanka zare a ƙuruciyata a gidan rediyo, na san yadda ɗan kuskuren da bai kai faɗin farce ba yake ɓata aikin wuni guda. Abin takaici, ba a sa sunanta a jikin shirin ba sai a 2013, shekara 12 bayan rasuwarta.

Malam Mai Faifai: Baba Injiniya, Allah ya ƙara girma, amma ina da ɗan ja. Waɗannan ayyukan ɗakin gwaji ne, shi kuwa mai tambaya kiɗan da ya shiga kasuwa yake nufi. A ganina ƙofa ta buɗe ne da na'urar ƙirƙirar sauti da lantarki ta Robert Moog ta 1964, wadda a farkonta murya ɗaya kawai take iya fitarwa a lokaci guda, shi ya sa Wendy Carlos ta riƙa ɗaukar kowane layin kiɗa, wato jerin muryoyi guda, daban kafin ta kammala faifanta na 1968. Gershon Kingsley ya yi "Popcorn" a 1969, kiɗan kuma ya zagaye duniya a 1972 da ƙungiyar Hot Butter ta sake yin sa. Sai Kraftwerk na birnin Düsseldorf a Jamus, waɗanda faifansu Autobahn na 1974 ya nuna cewa ƙungiya za ta iya gina sunanta a kan na'ura.

Hajiya daga Yamai: 'Yan'uwa, kada ku tsaya a Turai da Amurka. Tun a 1944 Halim El-Dabh, ɗan ƙasar Masar, ya ɗauki sautin bikin zar, mai kama da bori, a Alƙahira da na'urar da ke naɗar sauti a kan wayar ƙarfe, ya sarrafa shi a gidan rediyo. Mu kuma a Nijar muna da Mamman Sani, wanda ya ɗauki kaset ɗinsa da ogan na lantarki a 1978, kuma mun tashi muna jin kiɗansa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, da yawanmu ba mu san mai shi ba. Kwafi kaɗan aka buga a lokacin, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi.

Ɗan Situdiyo: Na gode ƙwarai, iyayena. Baba Injiniya, saura tambaya ɗaya: tunda guntu-guntu ake haɗa kowane layi, ta yaya ake sa layin ƙasa da na sama su tafi tare?

Tsohon Injiniya: Kowane layi da nasa zaren da tasa na'urar, sai a danna su tare da hannu. Idan ɗaya ya riga ɗaya, a tsaya, a mayar da su baya, a sake dannawa har su daidaita.