Kuɗin gwamnati da tsuntsayen Tafkin Nguru

Malamin Firamare: Jama'a, ni a ganina ya kamata gwamnatin Yobe ta ware kuɗi ta gina wa yara cibiyar sanin tsuntsaye da namun daji a bakin Tafkin Nguru. Tun 2000 tafkin nan ya shiga jerin muhimman dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, amma ɗalibaina da aka haifa a gefensa ba sa bambance dinya da kirinjijiya.

Manomin Fadama: Allah ya gafarta Malam, ciyawar kachala ta toshe mana hanyoyin ruwa, jan-baki kuma yana cinye shinkafa tun tana nono. In akwai kuɗi, a fara yashe magudanai. Tsuntsu ai ba ya buƙatar ɗaki.

Malamin Firamare: Baba, ba don tsuntsu za a gina ba. Yaro nawa ne ya san kachalar nan ta samu gindin zama ne bayan madatsun Tiga da Challawa sun sauya yadda ruwa ke zuwa? Da can kwari yakan bushe da rani, ciyawar ta mutu. Wanda bai san wannan ba, zai yi ta sara tana tsirowa.

Hajiyar Kasuwar Kifi: Malam, na yarda da ilimin, ginin ne ban yarda da shi ba. Mijin Sarauniyar Ingila ya zo har Dagona, mafakar tsuntsayen ruwa da ke nan Yobe, a 1989 don kallon tsuntsayen da ke tasowa daga Turai da hunturu. Me ƙauyukan wurin suka gani bayan haka? Tsorona a yanka kirtani, a ɗauki hoto, bayan damina biyu awaki su mayar da wurin makwanci.

Ɗan Masunta: Hajiya, gaskiyarki. Amma kar a manta manoma suna fesa magani, ruwa ya kwashe shi zuwa tafki, mu ne muke ganin abin a komarmu. Wa zai faɗa musu in ba irin wannan wuri?

Manomin Fadama: Yaro, malaman gona ai aikinsu ke nan. A biya su su fito.

Hajiyar Kasuwar Kifi: To, ga tawa shawarar. Aji ɗaya a makarantar da ke akwai, kwalekwale biyu, da albashin tsofaffin masunta su riƙa zagawa da yara. Su suka san inda kowane tsuntsu yake kwana.

Malamin Firamare: Hajiya, in za a rubuta albashin nan a kasafin kowace shekara, na janye maganar gini. Baba, kai fa?

Manomin Fadama: A yashe Marma tukuna, magudanar da ke kawo ruwa tafkin nan.