Masu fama da ciwon baya da ƙugu, me ya yi muku aiki?

Tela na Bolari:
Assalamu alaikum jama'a. Masu ciwon baya irin wanda ya daɗe, don Allah kowa ya faɗi abin da ya gwada ya ga sauƙi. Ni keken ƙafa nake takawa, lokacin ɗinkin sallah kam in na tashi daga benci sai na dafa bango kafin in miƙe, ruku'u ma da ƙyar. An ce basir ne na sha jiƙo har na gaji, diclofenac kuma ya fara taɓa min ciki.

Maman Ilham, Tumfure:
Wa alaikumussalam. Malam ka rage diclofenac ɗin nan, shi da ibuprofen in an daɗe ana sha suna kawo olsa suna taɓa ƙoda. Ni nawa bayan haihuwa ya taso, ga goyo ga wanki a sunkuye ga shara da guntuwar tsintsiya. Na je sashen gashin ƙashi a FTH, asibitin koyarwa na tarayya da ke Gombe, ina zaton wuta kawai za su saka min in tafi, sai matar ta ce in nuna mata yadda nake ɗaukar bokitin ruwa, na sunkuya ƙafafuna a miƙe na fizgo, ta ce a'a Hajiya sake, lanƙwasa gwiwa, jawo shi ya matso jikinki, ki tashi da ƙarfin cinya. Ta koya min na kan tabarma, in kwanta rigingine gwiwoyi a lanƙwashe tafin ƙafa a ƙasa, in ɗaga ƙugu a hankali in sauke, sai kuma in durƙusa kamar mai rarrafe in gantsare baya in ƙudundune shi ina numfashi. Yara har yau dariya suke min. Bahon wanki yanzu a kan benci nake ɗorawa, tsintsiya na ɗaura mata sanda. Bai tafi duka ba amma alhamdulillahi ina samun barci.

Direban Yola:
Walat a aljihun baya, ku cire shi in za ku zauna. Ni na naɗe tawul na sa a ramin bayana, na matso da kujera gaba don kar in riƙa miƙa ƙafa ina neman kuloci. Kuma a Kaltungo dole in tsaya in taka ko fasinja na ƙorafi.

Abu Khalid, Pantami:
Ni wuya da kafaɗa ne, aikin ofis da kwamfuta ga latsa waya kai a duƙe. Maganar a zauna ƙyam gaskiya ba ta yi min ba, minti kaɗan na gaji na koma yadda nake. Abin da ya taimaka shi ne lura, sai na gane in aiki ya yi zafi kafaɗuna har kusan kunne suke hawa, ina cije haƙora ban ma sani ba. Yanzu duk kiran da ya shigo kafin in ɗauka sai in sauke kafaɗa in saki haɓa, kwamfutar na ɗora ta kan tulin fayil ta zo daidai ido. Asabar da Lahadi bayan asuba ina zagaya filin wasa na Pantami da ƙafa.

Baba Sale, Kumo:
Ku yaran yanzu komai motsa jiki. Ni ƙaho wanzami ke min kuma ina jin daɗin jikina.

Anti Nas:
Baba Allah ya ƙara lafiya, amma a tabbatar askar sabuwa ce saboda ciwon hanta, kuma ka lura ai kai manomi ne kullum jikinka na motsi. Malam tela ba kai kaɗai ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ke da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma a jagorar da ta fitar a 2023 kan wanda ya wuce wata 3, motsa jiki ta ba da shawara, bel ɗin ɗaure ƙugu da magunguna irin su tramadol ta ce kar a dogara da su. Kwanciya wuni guda ƙara sandarar da baya take. Ka riƙa tashi duk bayan kamar rabin awa ko guga ce ka yi a tsaye. Amma fa in ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari da bayan gida na kufcewa, ko tsakanin cinyoyi ya daina ji, ko ana zazzaɓi da rama da gumin dare, wannan asibiti ne kai tsaye, tarin fuka ma yana kama ƙashin baya.

Ummu Sadiq, Bajoga:
Wallahi haka ya faru da yayana, ana ta kai shi wajen mai ɗori ana murza, sai da aka yi hoto aka ga tibi ne. Ya daɗe yana shan magani, yanzu yana zuwa kasuwa da ƙafarsa. Anti ni tambayata katifa, tawa ta lotsa a tsakiya, in koma tabarma ne ko in lallaɓa in sayi sabuwa?

Anti Nas:
In da hali ki canza, mai ɗan tauri amma ba can ba. Kafin nan ki juya ta, ki kwanta ta gefe da filo tsakanin gwiwoyi.