Girki, baƙi da fita da yara: shawarwarin da aka bayar

An nemi shawara a kan girki, karɓar baƙi da fita da yara. Yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu a kan girki suka tsaya. Sun ce a tsara abincin mako kafin a je cefane, a dafa da yawa a adana. Sai dai an ja kunne: ragowar abinci kada ya wuce kwana 3 zuwa 4 a firij, kada kuma a bar shi a waje fiye da awa 2. A ganina wannan ta fi kowacce amfani.

Wata uwa ta ce ranar baƙi ba ranar gwada sabon girki ba ce. A tambaye su tun da wuri abin da ba sa ci.

Zancen fita kuwa gajere ne: wuri na kusa, ruwa a jaka, a dawo kafin yara su gaji.